Karya da Ƙarya

Ban taɓa son kare ba, kuma ban taɓa iya cewa a'a ba. Na biyun ne ya sa aka wayi gari da karya a gidanmu na Madabo, gidan da kakana ya tsufa yana ba da karatu a soronsa.

Mai ita shugabar makarantar da nake koyarwa ce, wata dattijuwa 'yar kudu da ta daɗe a Kano har ta fi wasunmu Hausa. Za ta je wurin ɗanta a yi mata aikin gwiwa, sai bayan wata uku. Ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya tana neman wanda zai riƙe mata karyar, kowa ya zame. Da ta zo kaina na buɗe baki zan kawo uzuri, sai na ji kaina ina cewa, "Ba komai, Madam."

'Yar ƙarama ce, irin ta Turawa da ake ce wa sifaniyel, fara da ja, kunnuwanta har suna shiga kwanon abinci. Takardar asali gare ta mai ɗauke da kakanninta, ni kuwa daga kakan babana lissafina ya tsaya. Madam ta haɗo ni da buroshi da sabulu da doguwar takarda. A goge mata kunne sau biyu a mako. In an yi mata wanka a busar da shi sosai. Da zarar ya fara wari a kai ta wurin likitan dabbobi, ta ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

A cikin kwali na shigo da ita, na kai ta ɗakin sama. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, amma kafin mako ita ke dafa mata shinkafa da kaza. Ni ma, in faɗi gaskiya, na saba da yadda take ɗora haɓa a ƙafata ina duba jarabawar ɗalibai. Abin da na kasa shi ne a gan ni da ita.

Da damina ta kankama sai ta fara kaɗa kai tana susar kunnuwa. Na ɗaga ɗaya, wari ya bugi hancina. Na san abin da takardar Madam ta ce. Amma asibitin dabbobi yana wajen ganuwa, kuma kafin in kai titi sai na ratsa lungu uku da majalisa biyu, duk mutanen da suka san ubana. Na yi kwana huɗu ina cewa gobe.

Rana ta biyar na tafi Ƙofar Na'isa shagon wani Alhaji mai sayar da maganin dabbobi, abokin marigayi babana. Na tarar da dattawa uku a kan benci.

Alhajin ya ce, "Ɗana, me ke tafe da kai?"

"Maganin kunne nake nema, Baba. Sai susa take yi."

"Wace dabba ce?"

Kalmar ta zo har bakina. Ka ce "karyata" a gaban dattawan cikin gari, kai jikan malam? Na dubi ƙasa na ce, "'Yar akuya ce."

"Madalla, ka fara kiwo! Kaska ce, lokacinta ne." Ya miƙo mini wata 'yar kwalba ya faɗa mini yadda ake shafawa. Bai cuce ni ba. Maganin akuya na nema, shi ya ba ni. Tsakanin karya da ƙarya 'yar lanƙwasa ce kawai a kan harafi, ni mai koyar da Hausa na fi kowa sani, kuma na zaɓi mai lanƙwasar.

Da na dawo ban ma tsaya a shafawa ba, na ɗiga mata har ciki, kunne biyun, wai don ya fi ci. Ƙarar da ta yi har yau ina jin ta. Kafin la'asar ta karkace kai, tana zagaye a wuri ɗaya tana faɗuwa.

Matata ta ce, "Malam, ko ka ɗauke ta yanzu, ko in sa hijabi in ɗauke ta da kaina."

Na rungume ta na fita, ba kwali. Na wuce majalisar farko, na wuce ta biyu. Babu wanda ya ce mini uffan sai wata tsohuwa mai ƙosai da ta ce, "Wayyo, Allah ya ba ta lafiya." Wannan ne duk abin da na yi kwana biyar ina gudu.

Likitan ya karanta jikin kwalbar, ya dube ni, bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ciwon ya riga ya huda dodon kunnen, maganin kuma ya wuce ciki ya ƙone abin da ya rage. Za ta rayu, tafiyarta ma za ta daidaita. Ji ne ba zai dawo ba.

Madam ta yi ta bugo waya, ni kuma ina cewa lafiya lau. Ba zan ce don kada in tayar da hankalin mara lafiya ba ne. Tsoro ne kawai.

Ranar da ta dawo, ko gida ba ta je ba ta sa direba ya kawo ta bakin lungunmu. Ta shigo tsakar gida tana dogara sanda. Karyar na cin abinci a gindin rijiya, ta ba ƙofa baya. Madam ta kira sunanta. Ta sake kira da ƙarfi, tana dariya, ta tafa hannu. Karyar ta ci gaba da cin abincinta.

Dariyar ta tsaya. Ta juyo ta ce, "Malam, ta manta da ni ne?"

Da na ce e, da ta yarda. Na tsaya da hula a hannu a gaban matata da mahaifiyata, na ce, "Ba ta manta ba, Madam. Ba ta jin ki ne. Zauna in faɗa miki abin da na yi."