Larabar da Na Hana Shi Tausa

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta min. Wannan kuwa ko ƙanwata ban taɓa ba ta labarinsa ba.

Shekara da shekaru ina tausa a unguwarmu. Mai jego, mai targaɗe, tsohuwar da ƙugu ya riƙe, duk sun san hannuna. Jiki ɗaya ne ban taɓa ba tun da aka yaye shi: ɗan farina. Mu haka muka tashi. Ba a kama sunansa, ba a haɗa ido da shi. "Wancan" nake ce masa.

Da matarsa ta haihu, ya kawo ni Dubai wankan jego. Suna zaune a unguwar International City, shi kuma yana aiki a wani ofishin kago, masu aika kayan 'yan kasuwa, a unguwar Deira. In kwantena ta maƙale, 'yan kasuwa su yi ta kiransa da masifa kamar shi ya tare teku.

Wata Laraba ya dawo da fara'a, har yana yi wa jaririya rawa. Na ce da surukata, "Yau me aka ba mijin naki?"

Ta yi dariya. "Tausa ce, Hajiya. Duk Laraba ofis na kawo musu mai tausa. Ranar kaɗai yake barci kamar mutum."

A ƙofar gininmu kullum ina taka wasu 'yan katuna masu hoton mata ba ko mayafi, kuma maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi ta taɓa ce min tallar gidajen tausa ce. Ban tambayi kowa komai ba. Ni za a faɗa wa mece ce tausa? Da safe yana ɗaura takalmi, na fuskanci bango na ce, "A faɗa wa wancan, in dai ni na haife shi, kada wani hannu ya ƙara taɓa shi a wurin aikin nan. Ban yafe ba."

Surukata ta ce, "Hajiya, ai ba irin..."

"Ke, ban sa da ke ba."

Shi kuwa "To, Inna" kawai ya ce, ya fita.

Laraba biyar suka wuce. Wuyansa ya ƙage, in an kira shi sai ya juyo da jiki duka. Abinci a tsaye yake ci. Ran nan ya daka wa matarsa tsawa a kan cokali, shi da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Ina ganin jijiyar da ta ɗaure, daga ƙeya zuwa allon kafaɗa. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi, na cusa shi cikin zane.

Da muka yi arba'in, surukata ta ce mu je kasuwar Murshid sayen tsaraba. Ashe Laraba ta zaɓa. Muna gamawa ta ce mu leƙa ofishin mijinta mu sha ruwa.

Ashe a tsakiyar ofis ake tausar, ba ɗaki, ba labule. Wata kujera mai ramin sa fuska, da wani dattijo ɗan Indiya mai furfura yana murza kafaɗar mutum, mutumin da rigarsa har da hula. Minti goma sha biyar kowa, a sauka a koma aiki.

Wanda ya sauka wani abokin aikinsa ne ɗan Kafanchan, ya taho yana miƙa. "Mama, sannu da zuwa! Don Allah ki yi wa oga faɗa. Ya ƙi hawa kujerar nan, wai shi ba ya so. Ni dai gaba ta kai ni, layinsa ma ni nake ci!"

Wai ba ya so. Bai ce uwarsa ce ta hana ba. Ga shi can a lungu, waya a kunne, yana matsa wuyansa da kansa.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tsaya a gabansa, ban juya ga bango ba, na ce, "Tashi ka hau. Na janye."

Ya hau. Dattijon ya san aikinsa, daidai jijiyar nan ya dosa. Ina kallo kafaɗun suka sauko, numfashin ya yi tsawo. Waya na ta ruri a kan tebur, bai ɗaga kai ba.

Haƙurin dai har yau bakina ya kasa ba shi. A hanyar gida cikin bas, surukata ba ta ce min "kin gani ko?" ba. Da ma ta faɗa, da na ji sauƙi.