Bakaniken Yelwa da Kukan Akuya

Ɗanlarai bakaniken keke-napep ne a Yelwa. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gidajen hayar ɗalibai. Da gyaran babur ya fara, da keke ya cika gari sai ya koma kansa. Mutum ne mai son koyarwa. Ko ba ka tambaya ba sai ya nuna maka abin da ya lalace, ya gaya maka dalili.

Wannan hali ne ya kai shi ga ɗaukar bidiyo. Yakan jingina waya a jikin tsohuwar taya, yana aiki yana bayani, in ya gama ya ɗora a YouTube. Sunayen da yake sa musu kuwa su ne "Darasi na ɗaya", "Darasi na biyu", har ya kai na talatin da bakwai. Gurbin bayanin da ke ƙasan bidiyo bai taɓa rubuta komai a ciki ba. Masu kallonsa ba su wuce matarsa Habibatu da direbobi biyu-uku ba.

Kusa da garejin akwai shagon Bridget, wadda ake kira Maman Obadiya, mai buga wa ɗalibai takardu a kwamfuta. Ran nan ta kira shi ya duba mata janareta. Da ya gama, ya nuna mata bidiyoyin yana mita.

Ta duba ta ce, "Oga Ɗanlarai, in kekenka ya mutu a hanyar Dass, za ka ɗauko waya ka rubuta 'darasi na sha tara'?"

Ya yi dariya. "To me zan rubuta, Maman Obadiya?"

"Abin da direba yake faɗa in ya turo maka keke. Shi ɗin dai zai rubuta a wurin bincike. Ka sa shi a sunan bidiyon, ka sake faɗinsa a cikin bayani."

Daga ranar Ɗanlarai ya ajiye ƙaramin littafi a akwatin sifana. Duk wanda ya kawo gyara, sai ya rubuta ƙorafinsa yadda ya fito daga bakinsa: yana shan mai, yana farin hayaƙi, ya ƙi tashi da safe. Ya bi bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya ya canza musu suna. Bridget ta tuna masa cewa yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa a haruffa, don haka yake rubuta "hayaƙi" da "hayaki" duka. Ya ƙara da sunan "adaidaita sahu" saboda Kanawa.

Kafin damina ta fita, tambayoyi sun fara shigowa daga Azare, Gombe, har Maraɗi. Habibatu ta ce yana koya wa mutane su daina zuwa wurinsa. Ya ce ƙananan gyare-gyare ne suka tafi, manyan kuma da sunansa ake tambayar hanyar gareji.

Wata Asabar wani direba daga Miri, Zakka, ya kawo kekensa ya ce yana kukan akuya. Ɗanlarai ya hau, ya zaga, ya taka birki, ya ji kukan da kunnensa. Birkin baya ne ya cinye. Ya ɗauki bidiyon gyaran, ya sa masa suna "Keke yana kukan akuya in an taka birki".

Bridget ta ce wannan kam ba wanda zai nema. Cikin wata biyu ya zarce duk sauran yawan masu kallo, ta zo da kanta ta ce ta janye maganarta.