Wanda Ya Tsaya a Gefen Hoto

Ina shanya hotuna a igiyar tsakar gida, hannuna na ɗigar ruwa, maƙwabcinmu Alhaji Mamman ya yi ta sallama bai shigo ba. Da na fito zaure na ga akwatin hoton maigidana rataye a wuyansa, ban tambayi komai ba. Motar da ta ɗauko su daga kasuwar Kalfu ce ta kife. Bana shekara bakwai ke nan.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara a jarida ba. Mutanen Tawa sun san shi da Mai Leƙe, domin akwatinsa ba a ido ake kafa shi ba. A ciki yake riƙe shi, ya sunkuya ya leƙa ta sama kamar mai duba ruwa a rijiya. Fim ɗinsa babba ne, masu sana'ar suna ce masa sis-sis, wato shida da shida, tsawonsa da faɗinsa ɗaya. Ƙaramin fim da ya cika gari yanzu, wanda suke kira bankat-tarantsis, ya fi shi yawan hotuna nesa ba kusa ba, amma kowane hoto a jikinsa bai wuce babban yatsa ba.

Takardar hoto kuwa doguwa ce. Duk mai son sis-sis ya cika takarda, dole ya zubar da gefe biyu na abin da ya ɗauka. Haka kowa ke yi, shi ya ƙi. Sai ya rage hoton har ya shiga gaba ɗaya, ya bar fari sama da ƙasa. Mai bikin suna ya zo karɓar hotonsa ya tarar da mai ga-ruwa a dama, tsohuwar maƙwabciya a hagu, ya yi ta faɗa. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Wanda ya tsaya gefe, shi ma ya zo."

Da aka buɗe jam'iyyu, aiki ya samu. Kowane taro sai an kira shi. Wata rana shugaban wani reshe ya zo shago da hoton taronsu, ya ɗora yatsa a kan wani dattijo.

"Ka ga wanga na gefe? Ya bar mu. Datse shi ka sake wankewa."

"Ranka shi daɗe, ran nan yana nan. Har tafi ya yi maka, ni na gani."

"To, mu tafi wurin mai almakashi."

"Akwai tela bakin masallaci, hannunai na da kyau."

Daga ranar ba su ƙara kiransa ba, kuma suka hana abokansu. Mun ji a tukunya. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce mini shi idan ya fara yanke mutum don wani ya ji daɗi, gobe wa zai yarda da abin da ya fito daga shagon nan? Ban sake ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An yi zaɓe, an rushe, an sake. An karya darajar sefa, takardar baƙi-da-fari ta ɓace daga kasuwa. Injin wankinsa ya tafi a rabon gado, aka sayar wa wani mutumin Ƙwanni. Hoton da aka fi ɗauka yanzu shi ne kat-kat na katin zaɓe, kai da kafaɗa kawai, ba ƙafa, ba hannu, ba wanda ke kusa da kai. 'Yan'uwansa sun so a ƙone fina-finansa, wai tarkace ne mai jawo gara. Na kwashe su na zuba a kwallar aurena na rufe. Har yau wasunsu ba sa gaishe ni da kyau. Su dai suka sani.

Bara da kaka wata mata ta yi sallama, ita da 'yarta budurwa. Sunanta Gaishatu, daga wani zango bayan Takanamat, Hausarta gauraye da Tamashek, yaren Buzaye. A shekarun tashin hankalin arewa, wasu masu mota sun tsaya a rijiya suka tafi da mijinta, bai dawo ba. Duk inda ta je tambaya, sai a ce ba a san mai wannan suna ba. Har 'yan kasuwar da yake kawo wa raƙuma suka ce ba su tuna shi ba. Yarinyar ba ta riƙe fuskarsa ba. Abin da Gaishatu ta tuna shi ne, ya taɓa gaya mata mai hoton Tawa ya ɗauki wani dillali da raƙuminsa, shi yana kusa.

Muka zauna a tabarma muna ɗaga fim ɗaya bayan ɗaya ga rana, har idanunmu suka yi ruwa. A fim, fari baƙi ne, baƙi fari, sai ka saba. Gaishatu ba ta saba ba, amma ita ta gan shi. Ga dillali a tsakiya, ga raƙumi, ga 'yan kasuwa uku suna dariya. Can ƙarshen hagu, dab da inda fim ya ƙare, wani dogo ya sauke amawali zai kurɓi shayi. Da wani ne ya wanke hoton nan, nan ne daidai inda zai zubar.

Muka kai labo, inda ake wanke hoto mai launi. Mai wurin mutumin kirki ne. Ya juya fim ɗin a hannu ya ce, "Inna, injina ba shi cin wanga, bakinai ƙarami ne. Amma in kun yarda in yanko mutumin naku shi kaɗai daidai bankat-tarantsis, in gwada. In ya wuce, alhamdu lillahi. In inji ya tauna shi, kada ku riƙe ni."

Na bar musu zaɓi, domin mijin ba nawa ba ne, kuma na ga yadda yarinyar ke kallon almakashin. Gaishatu ta karɓi fim ɗin ta naɗe a bakin mayafinta.

"An riga an cire shi daga cikin mutane sau ɗaya," in ji ta. "Ka bar shi inda yake, tare da waɗanda suka ce ba su san shi ba."

Abin da ya rage na maigidana ke nan. Ba shago, ba inji, ba almajirin da ya gaji sana'ar. Sai kwalla cike da mutanen ƙasarmu ta Adar, kowa da wanda ya tsaya kusa da shi, ba a yanke ko ɗaya ba. Masu cewa in zubar don su huta, ba zan zubar ba, ba kuma zan bari a sa musu almakashi ba.

An ce akwai wani tsoho a Yamai da har yanzu injinsa ke cin sis-sis. Na aika sau biyu, ba amsa. Fim ɗin yana wurina a kwalla, Gaishatu ta ce ya fi aminci a nan. Yarinyar ta ga mahaifinta da farar fuska da baƙin rawani, a rana, tsakanin yatsu biyu. Hoton dai har yau ba a wanke shi ba.