Sabuwar Kunamar Oldrich

Daga bakin kakata na fara jin sunan Oldrich Hanak. Ta ce a zamaninsu yakan fille kan ashana da harsashi, 'yan mata na tafi.

Yau ga shi a filin harbin ƙauyenmu, inda nake kwaso takardun saiti, waɗanda ake mannawa a allo ana harbi, ran Asabar. Dogo ne, wuya kamar na figaggen zakara, ƙirjin rigarsa cike da lambobin yabo masu tsatsa. Ya shimfiɗa tawul a benci yana ɗaura wa ƙaramar bindigarsa sabuwar kunama da ya yo oda. Wai ta asali tauri gare ta. Wadda ya sa watan jiya ma wai tauri gare ta. Sukundireba na rawa a hannunsa, noti ya faɗi, ya durƙusa yana lalube.

"Tsoho, hannu za ka yo oda, ba kunama ba!" in ji Zdenek mahauci, kumfar giya a gashin baki. Aka kwashe da dariya. Kowa ya san in ya sake fitowa fayau, ba huda ko ɗaya a takardarsa, ƙungiyar maharba za ta sallame shi, kuma ina jin a gida babu mai jiransa.

Ya harba. Ƙasa ce kawai ke tashi a bayan allo.

Ramin irin wannan harsashi daidai yake da kaurin fensir. Na tashi kwaso takardu, sai ya tare ni, ya cusa min fensir a hannu, idonsa a ƙasa.

"'Yata, ba sai a tsakiya ba. Ko a gefe ne, huda min ɗaya."