Wasan da Na Yi wa Badamagare a Wurin Suna

A shekarun da nake ba ku labari, in an yi suna ko walima a yankin Washington ba ni a wurin, to cin shinkafa kawai aka yi. Ni Bakano ne, ina zaune a Landover, ina aikin kwamfuta, amma sana'ata ta gaskiya ban dariya ce. Nakan ce ko gawa aka kawo mini sai ta murmusa kafin a kai ta. Abin da ba a sani ba shi ne, rabin wannan raha daga kwalba take fitowa. Giya nake zubawa a kofin kofi in rufe. Kowace shekara nakan daina kwana arba'in kafin azumi, in koma washegarin Sallah, ina gaya wa kaina wanda ya iya wannan ai giya ba ta kama shi ba.

Mutum ɗaya ne ya san sirrina, domin tare muke sha: wani direban tasi ɗan Damagaram. Kun san wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa, ni in kira shi bawana, shi ya ce kakansa ne ya sayi kakana da ƙwaryar gero. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, ba a fushi. Wata ranar Asabar ya same ni a mota ya ce likita ya gaya masa hantarsa ta fara lalacewa, ya kuma ba shi wata takarda mai jerin wuraren da masu son daina giya ke haɗuwa suna taimakon juna. Akwai ɗaya kusa da gidansa, amma ya zaɓi na Alexandria, can tsallaken kogi, don kada wani namu ya gan shi. A ɗakin ƙasa na wani coci ake yi. Ya ce ba wa'azi, ba gicciye, kujeru ne kawai da kofi marar daɗi da mutane masu faɗin gaskiya. Ya roƙe ni in raka shi ko sau ɗaya. Na ce masa ni da nake dainawa duk shekara, ni ya kamata in koya musu.

Bayan kamar wata uku aka yi suna a Upper Marlboro. An ci an ƙoshi, maza sun cika falo, ana jiran in buɗe baki. Sai ga direban nan ya shigo, ya yi ƙiba, fuskarsa ta washe. Ban san abin da ya hau kaina ba, ko da yake na san abin da ke cikin kofina. Na ce jama'a su tashi su gaida fasto, bawana ya samu ci gaba, duk Talata yana Alexandria ƙarƙashin coci, an kusa ba shi farar kwala da ƙararrawa. Aka fashe da dariya. Wani dattijo bai yi ba, ya dube shi ya tambaye shi ko da gaske ne. Shi kuwa ya yi dariyar da al'ada ta ɗora masa, ya ce a rabu da Bakano, ba a taɓa jin gaskiya a bakinsa ba. Da zai faɗi abin da ke kai shi cocin, sai ya tona asirin kansa da nawa. Bai tona ba.

Maganar ta isa Damagaram kafin mu gama wanke hannu. Mahaifiyarsa ta bugo waya tana kuka wai ɗanta ya bar addini. Ya rantse mata ba zai sake taka wurin ba, kuma bai sake ba. Ya koma sha, ni na ci gaba da zuba masa. Shekara biyu bayan nan ina cikin waɗanda suka yi masa wankan gawa. Da muka je gaisuwa, matarsa ta miƙo mini wani ɗan ƙarfe kamar kwabo da ta samu a aljihun motarsa, ta ce tunda ni ne amininsa, ko na san kuɗin wace ƙasa ne. Na juya shi, na ga an rubuta wata uku. Na ce mata ban sani ba.

Talatar da ta biyo baya na hau jirgin ƙasa zuwa Alexandria, na sauka matakalar nan. Komai yadda ya faɗa, har kofin. Da layin magana ya zo kaina, sai na ajiye ƙarfen a tafin hannuna na nuna musu. Wata tsohuwa ta gane ƙarfen, irin wanda suke ba wanda ya yi wata uku bai sha ba, ta tambaye ni ina direban nan mai yawan godiya, sun daɗe suna ajiye masa kujera.

Yau shekarata bakwai ban sha ba. Har yanzu ina ban dariya, amma na gane cewa izinin wasa ba izinin tona asiri ba ne, kuma wanda al'ada ta hana shi fushi ba ta hana shi jin ciwo ba. 'Yan uwa, in kun ga namu yana shiga wata ƙofa da ba ku gane ba, ku tambaye shi a keɓe ko ku yi shiru. In kuma ya ce ku raka shi, ku ɗauki takalmanku. Ni tawa rakiyar, zuwa maƙabarta na yi masa ita.