Inna Ba Ta Yarda da Shugaban Makarantar Ba

Jiya na tarar da mahaifiyata riƙe da wayar ɗiyata Hafsa, ta kafe ta da ido. Shirin nan ne da aka ciro daga wani babban fim na jarumai: matasa masu baiwa, wani na tashi sama, wata na fitar da wuta, an tara su a makarantar kwana.

Ita ma Hafsa sati mai zuwa za ta tafi makarantar kwana.

Inna ta ce, "Wanga shugaban nasu ban yarda da shi ba. Murmushinai ya yi yawa, kuma ban ga uwa ko ɗaya ta zo ziyara ba."

Na ce, "Inna, fim ne fa."

"Na sani. Inda za ku kai Hafsa, wa ya shiga ya gani?"

Ni dai takardar makarantar kawai na gani.

Yau muka tashi daga Mafara muka tafi Bakura, inda makarantar take, ni da Inna. Ta leƙa ɗakin kwana, ta sha ruwan famfonsu, sannan ta amince. Mai gadin ne dai ta ce bai kwanta mata ba.

Ku kuna zuwa dubawa, ko irina ne?