Lallen Goggo a Bayan Motar Baba

Babana mahauci ne, amma tun kafin in yi wayo ya ajiye wuƙa ya kama sitiyari. Yana da wata tsohuwar akori-kura fara mai rufin tamfol. Da ita yake kwaso nama daga mayanka da sassafe, ya rarraba wa mahauta a kasuwannin Garwa. Da motar nan muke ci, da ita kuma na yi karatu har lise, wato babbar sakandare. Ina son ƙararta in ta shigo layinmu da yamma, tana tari kamar tsohon da ya san kowa zai matsa masa.

A shekarun da suka biyo bayan karya darajar kuɗinmu na sefa, kayan gyaran mota suka yi tsada, sai ɓarayi suka gano ƙofar bayan akori-kura. Ƙusoshi biyu ne kawai ke riƙe da ita ta ƙasa. Mutum biyu za su jingina da mota kamar masu hira, su zare ƙusoshin, su ɗaga ƙofar su wuce. Ƙofofin kuwa duk kamarsu ɗaya, farare, in an kai kasuwar kayan gyara ba mai iya cewa wannan tasa ce.

Ta Baba a bakin kasuwa aka ɗauke ta, yana ciki yana miƙa wa wani cinyar saniya. Washegari likitan dabbobi na mayanka ya tare shi, ya ce ba za a loda nama a mota mai buɗaɗɗen baya ba, ga ƙura ga ƙuda. Baba ya dawo gida ya zauna. Ban taɓa ganinsa a tsakar gida da hantsi ba sai a lokacin. Ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da ƙyar wani ɗan'uwanmu ya samo wata ƙofar daga Mubi, ya aiko da ita tare da saƙo: irin motar ta tsufa, wannan ce ta ƙarshe da ya gani, in ta tafi kada a sake aiko masa.

To, sai Baba ya shiga tunanin tsaro. Kwaɗo da sarƙa dai an riga an yanke na maƙwabcinmu. Walda ba ta yiwuwa, don dole ƙofar ta sauka in za a loda nama. Sai ya koma cire ta kowace yamma yana shigo da ita zaure, yana nishi yana dafe ƙugu.

Goggo ce ta fara magana. Yayar Baba ce, tun rasuwar mijinta take zaune a gidanmu, kuma ita ce mai lallen unguwa. Da wuya a kai amarya a Rumde Ajiya ba ta bi ta hannunta ba. Tana zaune a tabarma tana tankaɗe garin lalle, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Da rana tsaka aka ɗauke maka ita, kai kuma kana tsaronta bayan magariba. Allah ya ƙara basira, Sarkin Fawa."

"To Yaya, goya ta zan yi in shiga kasuwa?"

"Ba ni ita kwana kaɗan. Zan yi mata abin da ko kyauta aka ba mutum ba zai karɓa ba."

"Me za ki yi mata?"

"Lalle."

Baba ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Goggo ta bar shi ya gama. Sannan ta ce abin da ke sa a saci ƙofar shi ne ba wanda ya san ta. Ita kuwa ko a taron biki na mata ɗari, daga nesa ake nuna hannun amarya a ce wannan aikin wance ne. Kowace mai lalle da hannunta, kamar yadda kowa da muryarsa. Nata ganye ne mai lanƙwasa, da ɗigo a cikinsa, da wata 'yar jela da ke komawa baya kamar ta tuna wani abu.

"Fenti ai shafewa za su yi," in ji Baba.

"Sai mu sa shi inda ba ya shafuwa."

Aka kwantar da ƙofar a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Goggo ta zana da gawayi tukuna, ta goge, ta sake, kamar yadda take juya tafin amarya tana neman inda za ta fara. Da zanen ya zauna, sai ta sa aka kawo babbar ƙusa da guduma. Muka riƙa bin layin muna buga ɗigo-ɗigo, yadda ƙarfen zai lotsa kaɗan ba tare da ya huje ba. In na dawo daga makaranta sai in karɓe ta. Har yanzu in na ji ana dakan ƙarfe daga nesa, inuwar darbejiyar nan nake gani tana yawo a kan farin ƙarfe, da ganyayyaki na tsirowa a inda ba a taɓa shuka komai ba. Daga ƙarshe ta bi ɗigon da fenti ja mai duhu, launin lallen da ya kwana ya kama.

Ranar da aka mayar da ƙofar, Baba ya daɗe a tsaye a bayan motar.

"Yaya, da wannan zan shiga cikin mahauta?"

"Da ita za ka shiga, ko kuwa ka dawo ka taya ni tankaɗe."

Ya shiga. Da ya dawo muka tambaye shi, ya ce ba komai. A bakin matan unguwa muka ji sauran. Wai tun daga ƙofar mayanka mahauta suka fara guɗa da muryar maza. Wani ya tambaye shi ko nawa ne sadakinta, wani ya ce a matsa amarya za ta yi ribas. Sunan ya bi motar. Yara a hanya su ce ga Amarya nan, masu babur su danna mata oda, har jandarmomin bakin gada suka daina tambayar takardu sai sun zagaya sun kalli bayanta. Baba ya yi ta ɗaure fuska, daga baya ya saba, har ya fara cewa, "Bari in kai Amarya wanka," in zai gangara bakin Binuwai ya wanke jini.

Aka daɗe haka. An saci ƙofofin mutane da dama a layin da yake ajiye mota, tasa tana nan.

Sai wata Juma'a ya fito daga masallaci ya tarar da bayan motar a buɗe. Ya shigo gida bai yi sallama da ƙarfi ba, ya zauna a kan turmin nan, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ba wanda ya tambaye shi. Duk mun san gobe ba zai je mayanka ba, mun kuma san daga Mubi ba abin da zai sake zuwa.

Goggo ta dube shi, ta ci gaba da ɗaure kayan aikinta a ɗankwali.

"Baƙo ne," ta ce. "Ɗan gari ba zai taɓa ta ba. Ka sa hularka."

Da ma tana da amarya a ranar. Ta ja ni muka tafi gidan bikin. Ba ta yi shela ba. Tana riƙe da hannun yarinyar tana zane, mata sun kewaye ta, sai ta ce a hankali an ɗauke ƙofar ƙaninta. Wata ta ce, "Amaryar?" Ta ce ita. Na ga maganar tana tafiya daga tabarma zuwa tabarma, da Hausa, da Fillanci, wata ma da Faransanci, har ta fita ƙofar gida tare da masu tafiya da wuri don ɗora tukunya.

Asabar Baba ya wuni a gida. Lahadi da la'asar aka yi sallama. Wani dattijo ne mai sayar da kayan gyaran mota a can ƙarshen gari, da amalanke a bayansa, da matarsa a gefe cikin mayafi. A kan amalanken ga ƙofa shuɗiya, fentin ko gama bushewa bai yi ba.

Matar ce ta shigo ciki ta durƙusa ta gaida Goggo. Ta ce wasu samari ne da ba a sani ba suka kawo wa maigidanta, ya saya ya jingine a bayan gida. Ita kuma ta ji labarin a wajen kitso. Da ta fita shanya sai rana ta bugi ƙofar ta gefe, ɗigon ya fito ƙarƙashin shuɗin. Ta shafa da yatsa, ta bi ganyen har zuwa jelar.

"Na ce masa, Malam, wannan hannun da shi aka kawo ni gidanka. Ba zai kwana a bayan ɗakina kamar kayan sata ba."

"Ai kayan satar ne, 'yar nan," in ji Goggo. "Miƙo hannunki in gani. Wa ke miki lalle yanzu? Kin bari ana ɓata ki."

A waje kuwa dattijon na ta rantsuwa bai sani ba, Baba na ce masa ya bari, ya san ba halinsa ba ne. Tare suka ɗaga ƙofar, suka daidaita ta, Baba ya zura ƙusoshin da hannunsa. Ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa. Farar mota da shuɗin baya, kamar ta ari zanen wata.

Ya leƙo tsakar gida.

"Yaya, jan fentin nan akwai saura?"

"Akwai. Amma yau na gaji."

"To gobe in na dawo daga mayanka."

Da asuba na ji motar ta yi tari sau biyu ta kama. Na saurare ta har ta karya kwanar layinmu, sannan na tashi na ɗora ruwan shayi.